Na ci 241 a JAMB, amma Baba ya ce likita ko babu

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar shekara 19 ce daga jihar Jigawa. Wannan ne karo na biyu da nake rubuta JAMB. Bara na samu 219, bana Allah ya ba ni 241, kuma duka biyun karatun likita na cike a wata jami'ar tarayya da ke kusa da mu. Bara sunana bai fito ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙawata da muka gama sakandare tare 187 ta samu, ta cike wani kwas a tsangayar ilimi, aka ɗauke ta, ni kuwa ina gida ina wanke-wanke. Babana ma'aikacin lafiya ne a asibitin ƙauye, ya kusa ritaya, kuma tun ina firamare Dakta yake kirana. Ya ce kada in kuskura in canja kwas, ko sau nawa ne zai biya min kuɗin JAMB. Umma ta ce in karɓi duk abin da ya samu, domin dangi sun fara tambayar zaman me nake yi. Yayana ya ce in koma Bayoloji ko Kemistiri, in na shiga aji biyu sai in nemi a mayar da ni ɓangaren likita. Akwai kuma wani mutum da ya ce wa Baba yana da hanya, in an ba shi kuɗi zai samo min gurbi. Ina da kiredit a duka darussa biyar ɗin, sai dai Fiziks ɗina na NECO ne, sauran na WAEC. Ina son aikin asibiti, amma wallahi na kasa gane ko likitan nake so ko farin cikin Baba. Ko barcin kirki ba na yi. Ki ba ni shawara.

Daga 'yarki a Jigawa

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, ki daina kallon kanki a matsayin wadda ta faɗi, domin ba ki faɗi ba. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a watan Mayun 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan 2 da suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Yarinyar da ta ci 219, ta koma ta zauna ta ƙaro 22 a kai ba tare da tana zuwa aji ba, ta san abin da take yi. Ina so ki riƙe wannan a ranki, saboda wasu abubuwan da zan faɗa miki nan gaba ba masu daɗin ji ba ne.

Bari mu fara da maganar ƙawarki, tunda na ga ita ce ƙayar da ta fi sukar ki. Ba a zalunce ki ba, ita ma ba alfarma aka yi mata ba. Jami'a ba ta jera duk masu neman shiga a layi ɗaya ta ɗebo daga sama. Kowane kwas layinsa daban, kujerunsa a ƙidaye. Kamar tasha ce ranar jajiberin salla: ga mota mai cin mutum 18 da mutum 300 ke kokawar shiga, ga wata a gefe kwandasta na ta kiran fasinja. Ranar da kika rubuta karatun likita a fom, ranar kika zaɓi waɗanda za a auna ki da su, kuma ƙawarki ba ta cikinsu. A waccan shekarar ta 2025, kimanin mutum 12,000 ne suka ci 300 zuwa sama, wasu kimanin 73,000 kuma suka ci tsakanin 250 da 299. Waɗannan ba su bazu a kan dukkan kwasa-kwasai daidai wa daida ba. Sun taru ne a likitanci, harhaɗa magunguna, jinya, lauya, injiniya da kwamfuta. Makinki na 241 da zai sa ki a sahun gaba a sassa da dama, a layin likita yana iya barin ki can baya. Tsangayar ilimi da ta aikin gona kuwa kusan kowace shekara sai an bar wasu guraben ba a cike su ba.

Wataƙila Baba zai ce to me ya hana jami'ar ta ƙara kujeru. Ba a hannunta kaɗai abin yake ba. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makarantar likita adadin ɗaliban da za ta horar, bayan ta duba yawan malamai, ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwa. Jami'ar da ta zarce adadinta tana iya jawo wa kanta hukunci, ɗalibanta su rasa rajista. A 'yan shekarun nan gwamnatin tarayya ta sanar da ninka guraben daga kusan 5,000 zuwa kusan 10,000 a faɗin ƙasar, amma masu cike fannin lafiya a JAMB dubban ɗaruruwa ne duk shekara. Haka abin yake a lauya, a jinya, a harhaɗa magunguna: kowanne da hukumar da ke riƙe da linzaminsa.

Su kansu 'yan kujerun ba a raba su da maki zalla. A jami'o'in tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi kowa maki ne ko daga ina suke, kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ware a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko, kuma Jigawa na cikinsu. Da jin haka sai mutum ya ce ashe kina da ƙofa uku. Haka ne a takarda. Amma a jami'ar da ke nan Arewa, kusan duk wanda ke layi tare da ke shi ma yana da ƙofofin nan uku, ɗan Kano ne ko ɗan Katsina ko 'yar Yobe, don haka rangwamen ba ya yin tasirin da ake zato.

Akwai wani ruɗanin da ke cutar iyaye da yawa, ina kuma jin ya shafi Baba. Idan aka ji a rediyo cewa an tsayar da 150 a matsayin makin shiga jami'a, kamar yadda aka yi a 2025, sai uba ya ce 'yata ta wuce da kusan 100, me kuma ake jira? Wannan 150 ɗin ƙasan ƙasa ne, ma'anarsa kawai babu jami'ar da za ta ɗauki wanda bai kai shi ba. Bayansa akwai makin da kowace jami'a ke sa wa don ta bari ki zauna jarrabawarta ta tantancewa. Bayan wannan kuma akwai na uku, wanda shi ne na gaskiya, wato makin mutum na ƙarshe da ya samu kujera a sashen. Shi wannan ba a saninsa sai an gama jera mutane, kuma yana hawa yana sauka gwargwadon masu nema a shekarar. Sannan jami'o'i da yawa ba makin JAMB kaɗai suke dubawa ba, suna haɗa shi da na jarrabawar tantancewa, wasu har da darajar kiredit ɗin sakandare, inda mai A1 ya fi mai C6 maki.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya min a rai a duk wasiƙarki, kuma ke a ƙarshe kika ambace shi kamar ba komai ba: Fiziks ɗinki na NECO ne, sauran na WAEC. 'Yata, makarantun likita da yawa a ƙasar nan ba sa karɓar sakamakon zama biyu. Suna so Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji su fito a takarda ɗaya, a zama ɗaya. Idan jami'ar da kika cike tana cikin masu wannan sharaɗi, to ko 300 kika ci ba za a ɗauke ki ba, kuma mai yiwuwa ne bara ma tun a nan aka ajiye sunanki kafin a kai ga duba maki. Wannan shi ne abu na farko da za ki bincika, gobe-goben nan. Ki buɗe kundin sharuɗɗan kwasa-kwasai na JAMB da ke shafinta na intanet, ki nemo jami'arki da kwas ɗinki, ki karanta da idonki. Ki kuma karanta sanarwar tantancewa da jami'ar ta fitar. Kada ki dogara da abin da yaron kafe ya ce, ko abin da ake yawo da shi a WhatsApp. Ki duba har ila yau ko an ɗora sakamakonki na sakandare a shafinki na JAMB, domin ɗalibai da dama sun rasa gurbi saboda wannan ɗan sakacin kaɗai.

Ba zan ɓoye miki ra'ayina ba. Da 241 da sakamakon zama biyu, damarki ta samun likitanci a babbar jami'ar tarayya a bana 'yar kaɗan ce ƙwarai. Allah na iya komai, amma ba a gina shekarar mutum guda a kan irin wannan damar ba tare da wani tanadi a gefe ba.

Shawarar yayanki kuwa ita ce na fi jin tsoro, saboda ita ta fi kama da hikima. Ya yi gaskiya cewa shiga Bayoloji ko Kemistiri ya fi sauƙi. Inda lissafinsa ya karkace shi ne wajen fita. Adadin nan da MDCN ta yanka yana nan yana jira a aji biyu. Jami'o'i da yawa ma sukan ɗauki ɗaliban likita a aji ɗaya fiye da kujerun da ke aji biyu, sai a tace su da jarrabawar ƙarshen shekara, waɗanda ba su kai ba a tura su wasu sassan. Wato a daidai lokacin da kike ƙoƙarin shiga ta taga, 'yan cikin ɗakin ma ana fito da wasunsu. Wasu jami'o'in sun rufe wannan ƙofa gaba ɗaya, wasu kuma sukan buɗe ta ga mutum ƙalilan masu sakamakon da ya kusa cika, in an samu gurbi. Yayanki zai iya kawo miki sunan wani da ya yi hakan ya dace. Ki tambaye shi sauran da suka shiga da wannan niyyar tare da shi, ina suke? Suna nan sun gama digirin da ba su taɓa so ba, wasu da sakamako mai rauni, saboda sun yi shekarar farko da rabin zuciya, sun yi sauran da ɓacin rai. Don haka ga ma'aunin da zan ba ki: duk kwas ɗin da za ki koma, ki tambayi kanki, in an ce nan zan ƙare, na yarda? In amsar a'a ce, kada ki cike shi. Bayoloji da Kemistiri karatu ne masu daraja ga mai son su, amma ba matattakalar likitanci ba ne.

Mutumin da ya ce yana da hanya, maganarsa gajera ce. Tun 2017 duk wani gurbin karatu na gaskiya ta tsarin CAPS na JAMB yake bi: jami'a ta miƙa suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya gani a shafinsa ya danna ya karɓa. Gurbin da bai fito a nan ba, ko an ba ki takarda mai tambari, ba gurbi ba ne, kuma matsalarsa takan fito ne a ƙarshe, lokacin tafiya bautar ƙasa. Kada Baba ya ba shi ko sisi daga kuɗin da yake tarawa na ritaya. Ke kuma kada ki ba kowa lambar sirrin shafinki, kada ki yar da layin wayar da kika yi rajista da shi.

Sai babbar tambayar, wadda kika yi wa kanki da kanki: likitan kike so ko farin cikin Baba? Na ji daɗi da kika iya furta ta, domin da yawa sai sun kai aji huɗu suke yin ta. Ba ni zan amsa miki ba, amma ga yadda za ki samo amsar. Kina da abin da yawancin 'yan uwanki ba su da shi, uba a cikin asibiti. Ki roƙe shi ya haɗa ki da wata babbar ma'aikaciyar jinya ko ungozoma a babban asibitin da ke kusa da ku, ki je ki wuni kina kallo in an ba ki izini. Ki ga wanda ke karɓar haihuwa da tsakar dare, ki ga mai leƙa jini a madubin gwaji yana neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ki ga mai ɗaukar hoton ƙirji, ki ga mai gasa ƙafar dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kama har ya fara takawa. Ki lura da inda zuciyarki ta fi tsayawa. Ki kuma tuna tsawon tafiyar: likitanci shekara 6 ne in babu yajin aiki, sai shekarar horo a asibiti, sai bautar ƙasa, ƙwarewa a wani fanni kuma wasu shekarun ne daban.

A nan sai ki yi hattara da wani bambanci da ba a cika yi wa yara bayaninsa ba. Cikin kwasa-kwasan da ke kewaye da likitanci, akwai masu kai mutum ga lasisin aiki a asibiti, akwai waɗanda ba sa kaiwa. Digirin jinya, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da ɗaukar hoto shekara 5 ne, gashin ƙashi da harhaɗa magunguna 5 ko 6 gwargwadon jami'a, likitan ido da likitan dabbobi 6, kuma kowanne yana da hukumarsa da lasisinsa. Amma Anatomi, Fiziyoloji, Bayokemistiri da Maikurobayoloji digirin kimiyya ne na shekara 4. Ana zaune da ɗaliban likita a wasu darussan, ana sa farar riga a ɗakin gwaji, sai yaro ya ɗauka ya kusa, alhali takardar ba ta ba shi ikon taɓa mara lafiya. Su ne kuma jami'a ta fi yawan tura wa waɗanda ba su samu likitanci ba. Ga mai son koyarwa ko bincike suna da kyau. Ga wadda ta ce min aikin asibiti take so, sai ta yi tunani sosai.

Kada kuma ki ɗauka duk abin da ba likitanci ba a sauƙaƙe yake. Jinya da harhaɗa magunguna a manyan jami'o'i yanzu cunkosonsu ya kusa kamo na likita. In kika tashi daga likitanci kika koma jinya a jami'a ɗaya, mai yiwuwa daga dogon layi kika koma wani dogon. Gwaje-gwaje, ɗaukar hoto da gashin ƙashi sukan ɗan fi sassauci, amma wannan ma ya danganta da makaranta da shekara. Hanyar sani ita ce ki je ofishin ɗaukar ɗalibai, ke da yayanki, ku tambayi inda makin kowane sashe ya tsaya bara, ku kuma tambayi 'yan aji ɗaya na sassan nawa suka ci aka ɗauke su. Amsar ɗalibi biyar ta fi hasashen mutum hamsin.

Ba kwas kaɗai ake canjawa ba, ana canja makaranta ma, kuma sau da yawa wannan ya fi tasiri. Tsofaffin jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri su kowa ke rububi. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse a jiharku, akwai Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare wadda aka kafa a 2021, ga ta nan maƙwabtanku. Ba na ce miki can babu gasa ba, akwai, amma ya kamata ki auna makinki da nasu kafin ki yanke hukunci. Jami'o'in jiha kuma 'yan jiharsu suke fifitawa, don haka ta wata jihar ba lallai ta yi miki rana ba. Sannan kada ki raina kwalejin jinya da ungozoma, irin ta Birnin Kudu. A 2025 mafi ƙarancin makin kwalejojin jinya 140 aka sa, kin ga ke kina sama nesa, ko da yake su ma suna da tasu tantancewar. Wadda ta fito daga nan da lasisinta tana iya kama aiki, daga baya ta ɗora digiri. Ki kuma riƙa sauraron sanarwar hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, domin gwamnatin Jigawa ta sha tura ɗalibai karatun likita ƙasashen waje, sai dai wanda ya karanto a waje dole ya ci jarrabawar MDCN kafin ya fara aiki a gida.

In kin yanke shawarar canjawa, a cibiyar da JAMB ta amince da ita ake yi, kuma lokaci ne jarinki. Jami'o'in da ake rububi ba sa kallon wanda ya sa su zaɓi na biyu, kuma in suka rufe rajistar tantancewa kafin sunanki ya iso gare su, shi ke nan. Darussan da kika rubuta, Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sun dace da yawancin kwasa-kwasan lafiya da na aikin gona, amma ba za su kai ki injiniya ko kimiyyar kwamfuta ba tunda babu Lissafi a ciki. Bayan nan ki riƙa leƙa shafinki na CAPS a kai a kai. Wani lokaci jami'a kan yi wa ɗalibi tayin wani kwas daban, sai ya amince sannan a mayar da shi. In irin wannan tayin ya zo, kada ki danna cikin ɗoki, kada kuma ki ƙi cikin fushi. Ki kwana a kansa, ki yi istihara, amma kada ki bari wa'adinsa ya wuce.

To in kuma kin je asibitin kin dawo kin ce Anti, ni dai likitan nake so, ba don kowa ba? Sai in ce miki bismilla, ki ƙara shekara ɗaya, amma da sharaɗi. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi, don haka sabon zama za ki yi, kuma ba da irin shirin bara ba. Ki fara gyara takardar sakandare: ki yi rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ki rubuta duka biyar ɗin a zama ɗaya, ba Fiziks kaɗai ba. Ki ɗauko takardar sakamakon JAMB ɗinki ki ga darasin da ya ja ki ƙasa, ina kyautata zaton Fiziks ɗin ne dai, ki nemi malami a kansa, ki yi ta gwaji a kwamfuta da agogo a gabanki. Burinki ya zama ƙarin maki 40 zuwa 50, ba 10 ba. Akwai kuma hanyar IJMB, shirin share fage da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke kai mutum aji biyu kai tsaye. Yana da amfani domin kina aji kina karatu maimakon zaman gida, kuma yana buɗe ƙofar kwasa-kwasai da yawa, sai dai kujerun likita ta wannan hanya sun fi na JAMB ƙaranci, sai mai sakamako na ƙoli. In za ki yi, ki tabbatar cibiyar tana cikin waɗanda aka amince da su. Sharaɗin da na ce shi ne wannan: ku yi yarjejeniya da Baba tun yanzu cewa wannan ne zama na ƙarshe a kan likitanci, kuma ranar da sakamako ya fito, in bai kai ba, a makon za a canja.

Game da Baba, ina roƙonki kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a asibitin ƙauye, yana tura mata masu naƙuda zuwa birni a bayan mota saboda babu likita, ya san abin da rashin likita mace ke jawowa fiye da ni da ke. Dakta ɗin da yake kiranki addu'a ce. Amma shi da kansa ya san asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba, tunda shi ma ya riƙe wani. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake raba gurbi a yau, kuma wannan ba da kuka ko gardama ake fahimtar da shi ba. Ki rubuta komai a takarda ɗaya: makinki, inda makin sashen ya tsaya bara, sharaɗin zama ɗaya, da zaɓin da ke gabanki. Ki sami lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan sallar isha'i misali, ki ce, Baba, na zo ne ka taya ni dubawa, ba na zo in saɓa maka ba. In kina jin nauyi, ki nemi wanda yake ganin girmansa, ƙaninsa ko wani likita da suka yi aiki tare, ya zauna da ku. Sau da yawa uba yakan karɓi magana daga abokin aikinsa wadda ba zai karɓa daga 'yarsa ba.

Umma ma tana da gaskiyarta. Ita ke zuwa biki da suna, ita ake jefa wa tambaya, kuma tana tsoron kada zaman ya yi tsawo har maganar karatun ta bi ruwa a kawo ta aure. Tsoronta ba na banza ba ne, mun ga inda hakan ta faru. Inda zan saɓa mata shi ne a kan karɓar duk abin da ya samu. Abin da zai kwantar mata da hankali shi ne ta ga rana da wata: ga abin da za a yi, ga lokacin da za a gama. In ma zaman shekarar za ki yi, ya kasance ana ganin kina fita darasi da safe, kina da abin yi, ta samu amsar da za ta ba dangi.

In da ke 'yar cikina ce, ga abin da zan ce ki yi. Ki bincika sharaɗin zama ɗaya a wannan makon. In ya tabbata ya shafe ki, kada ki bar makin 241 ya ruɓe a layin da ba za a kira ki ba: ki mayar da shi kan kwas ɗin lafiya mai lasisi wanda ya karɓi zama biyu, a makarantar da makinki ke da ƙarfi, ki kuma nemi kwalejin jinya a gefe. Ki gyara takardar sakandaren duk da haka, domin za ta yi miki amfani ko ina kika nufa. In kin shiga kin ga har yanzu ranki na kan likitanci, ƙofar sake JAMB ba ta rufe ba, sai dai ki faɗi gaskiya wajen rajista cewa kina wata makarantar, kuma ki san ba a riƙe gurbi biyu, in sabon ya samu sai kin saki tsohon kin koma aji ɗaya. Ki sake rubuto min bayan kun zauna da Baba, ki haɗo da makin kowane darasi cikin huɗun da kuma abin da ofishin ɗaukar ɗalibai ya gaya muku, sai mu duba kwas da makarantar da za ki sa a fom. Allah ya yi miki zaɓin alheri, ya sanya albarka a karatunki.